Saniyar da Ake Tatsa

Sun sare tsamiyar nan ta bayan Tarauni. Ba wanda ya gaya mini, da idona na gani, ina cikin adaidaita sahu za ni ganin jikata da aka haifa. Inda take a da, yanzu ramin harsashin gini ne, ga bulo an jibge, ga allo an kafa mai hoton shaguna masu bene. Na ce wa mai adaidaitan ya ɗan tsaya. Ya tsaya, ya waiwayo yana tambaya ko wani abu ne ya faɗi. Na ce masa a'a, mu tafi. Me zan ce masa? Yaro ne da bai daɗe da shigowa birni ba, bai san cewa a nan inda yake danna hon shanun ubana suke kwana ba.

Da na isa gidan ɗana a Gyaɗi-Gyaɗi aka miƙo mini jaririyar, na yi mata addu'a, sannan na ce ranar suna karsana zan ba ta. Ɗan nawa ya yi dariya har da dafa bango. Ya ce, "Hajiya, a ina za ta ɗaure ta? Kusa da janareta?" Ya ce in dai kyauta nake so in yi, in saya mata 'yan kunnen gwal, shi ne abin da ake ba 'ya mace yanzu, ita da makaranta za ta yi ina ruwanta da saniya. Ni tun ina yarinya ba mai saurin baki ba ce. Amma wannan maganar na taɓa jin ta, daga bakin wanda ya fi shi gemu ya fi shi dukiya, kuma ba ta ci ni ba.

Lokacin da muka taso, gidanmu yana cikin na farko-farko da aka yi wa rufin kwano a wannan yanki. Idan ka fita ta ƙofar baya gonaki ne har inda ido ya tsaya, gyaɗa da dawa da rama a kan iyaka. Baffa, wato mahaifinmu, mai shanu ne na gaske. Manyan garkunansa suna can nesa a hannun makiyaya, sai a yi wata da watanni ba mu gan su ba, amma ya bar ƙaramin garke na masu nono a gindin tsamiyar nan domin gida. Ni abin da ya fi zama mini a kunne har yau shi ne safiyar wurin. Maruƙa a jere a jikin dangwali, wato doguwar igiyar da ake ɗaure su, kowanne yana kiran uwarsa da muryarsa daban. Hayaƙin kandilo, busasshen kashin shanu, yana bin ƙasa yana korar ƙuda. Balbela suna sauka ɗaya bayan ɗaya kamar an aike su. Sannan ƙarar madara a cikin ƙwarya: da farko siririya ce mai kaifi, idan kumfa ya taso sai ta koma ƙasa-ƙasa kamar mutum yana raɗa. Ko idona a rufe yake ina iya gaya maka inda ƙwarya ta kai. Yanzu jikokina sun san madara a leda da gwangwani, ɗaya daga cikinsu har ya taɓa tambayata ko saniya ce take zuba sukarin.

A gidanmu duk 'yar da aka haifa, ranar sunanta ake nuna mata karsanarta. Ita da duk abin da ta haifa na yarinyar ne, ba na uba ba, ba na miji ba. Ana kuma ba ta ƙwaryarta ta tatsa, da zanenta daban a baki. Mai riƙe da wannan doka ita ce Dada, mahaifiyar Baffa, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido, wadda har ta koma ga Allah ba ta yarda ta kwana a kan katifa ba. Takan ce ƙaho na maza ne, hantsa ta mata ce. Takan kuma ce saniyar da ake tatsa ba a sayar da ita, sai mai ƙwaryar ta kife ƙwaryarta da hannunta. Baffa yana iya sayar da bijimai cike da tarago bai shawarci kowa ba, amma wannan dokar bai taɓa tsallake ta ba. Tawa saniyar Wule ce, baƙa mai farin goshi, ƙahonta na hagu ya ɗan sunkuya kamar mai jin kunya. Adda, yayata, takan ce shi ya sa muka dace. Ni da ba na iya haɗa ido da baƙo, idan na jingina goshina a cikin Wule sai in yi ta ba ta labarin duk abin da na gani a yini.

Baffa ya sa mu a boko dukanmu mata, a lokacin da ake yi da shi a bakin masallaci saboda haka. Da yamma kuma malami yana zuwa zaure mu yi karatun allo. Shi bai taɓa zama a aji ba. Dalilinsa ya gaya mana sau ɗaya tak: wata rana a tashar jirgin ƙasa yana loda shanu zuwa Kurmi, akawun da ke rubuta takarda ya toshe hancinsa da hankici har suka gama magana. Baffa ya ce a ranar ya fi akawun nan dukiya nesa ba kusa ba, amma ya dawo gida kamar wanda aka mara. Ya rantse 'ya'yansa ne za su zauna a bayan tebur. Saboda haka ba mu rasa komai ba, takalmi sau ciki, farar safa, jakar littattafai ta fata, har keken ɗinki ya sa aka kawo da matar da za ta koya mana. Da safe mu yi tatsa, mu wanke hannu, mu sa yunifom mu bi ta cikin gonaki zuwa makaranta. Ni ban ga abin da ya raba biyun ba. Ashe wasu sun gani.

Kowace Litinin Malamarmu tana duba farce da kitso. Mutuniyar wajen Jos ce, doguwa mai tabarau, mijinta ma'aikacin gwamnati, tana tafe tana buga rula a tafin hannunta. Wata Litinin ta sunkuya a kan Adda, ta ɗago, ta tambaya me aka shafa mata a kai. Man shanu ne, Dada ce take shafa mana kafin kitso. Malama ba ta zage ta ba, cewa kawai ta yi a riƙa wankewa kafin a zo aji. Amma 'yan mata sun ji. Kafin a tashi tara sunanmu ya koma 'yan ruga, in mun wuce sai a toshe hanci a yi kukan saniya. Adda, wadda ta fara zama budurwa, ta dawo gida tana kuka kamar an yi mutuwa. Baffa yana alwala ya ji komai. Na ga hannunsa ya tsaya a kan buta lokacin da ta ambaci toshe hanci.

Washegari aka sauke kwalin sabulu mai ƙamshi a tsakar gida. Baffa ya tara mu ya ce daga yau ba 'yarsa da za ta sake taka garke, matar makiyayi ce za ta riƙa tatsa. Shanunmu kuma za a sayar, a mayar wa kowacce da gwal, sarƙa da warwaro da 'yan kunne, dukiyar da ba ta wari. Adda ta kife ƙwaryarta tun bai rufe baki ba. Ƙannena ƙanana ne, Inna, mahaifiyarmu, ta kama hannunsu suka kife. Da aka zo kaina sai na sunkuyar da kai ina kallon wata tururuwa da ke jan ƙwayar gero. Aka yi tambaya, aka sake, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Adda ta ce a ƙyale ni, bijimi zan aura. Baffa ya yi murmushi ya ce a bar ni, ai Wule goyo take yi, ranar da ta ƙafe dokar Dada ba ta hau kanta ba, zance ya ƙare.

Bai jira da yawa ba. Da damina ta yi tsakiya zawo ya kama ɗan maraƙin, kwana kaɗan ya mutu. Wanda bai san shanu ba ba zai gane ba: saniya irin tamu ba ta sako nono sai ɗanta yana gabanta tana lasarsa. Wule ta ɓoye nononta. Ta yi ta kuka, muna jiyo ta har cikin gida idan iska ta juyo. Matar makiyayi ta matsa mata, ta harbe ta har ƙwaryar matar ta fashe. Baffa ya aika wa mahaucin da yake hulɗa da shi cewa ya zo safiyar ranar kasuwa da igiyarsa.

Dada ta kira ni bayan rumbu. Yatsunta sun riga sun kumbura da sanyin ƙashi, ba ta iya tatsa, amma tana iya riƙe basilla. Ashe tun ranar da maraƙin ya mutu ta sa makiyayi ya feɗe shi, ta cusa busasshiyar ciyawa a cikin fatar, ta ɗinke, ta yi masa ƙafafu da kara. Ga shi nan a jingine, kai a karkace, ba ido. Ta ce haka iyayenta suke yi a daji: a kai wa uwar fatar ɗanta, ta sansana, ta lasa, zuciyarta ta yi sanyi ta sako nono. Amma Wule ba za ta yarda da hannun kowa ba yanzu sai wanda ta sani. Ta dube ni ta ce ita ba ta aike ni ba, tunda ubana ya hana, ta dai nuna mini inda ta ajiye abinta.

Fatar tana wari, warin da yake manne wa tufa. Na tsaya ina tunanin 'yan ajinmu da hancinsu. Da la'asar, da Dada ta shiga salla, na ɗebo ruwa da sabulun nan na Baffa na wanke fatar tas, na shanya a kan dangar baya. Da safe ni ma na yi wanka da shi har sau biyu, na naɗe fatar a buhu, na bar Adda ta yi gaba, na ratse zuwa tsamiya. Na kafa maraƙin ciyawa a gaban Wule. Ta miƙo wuya ta sansana, ta yi huci, ta kau da kai. Na kira sunanta. Ta sansana hannuna, ta dube ni irin kallon da take yi wa masu wucewa zuwa gona, sannan ta juya mini baya. Ba mutuwar maraƙin ba, ba maganar mahauci ba, wannan kallon ne ya sa na zauna a kan turke na yi kuka.

Da na gaya wa Dada ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Kin wanke ɗan, kin wanke kanki, to wa kike so ta gane? Saniya ba ta karatun allo, da hanci take karatu." Sannan dariyar ta ɗauke. Ta taɓa maraƙin da sandarta ta ce in dube shi da kyau, fata ce mai kyau, an wanke, an gyara, ciki kuwa ciyawa. Ta ce boko ba laifi ba ne, in je in kwaso shi duka, amma kada in bari a mayar da ni haka. A ranar muka gyara ɓarnar. Makiyayi ya ɗebo mana ƙasar da maraƙin yake kwanciya a jikin dangwali, muka murje fatar da ita, da ɗan fitsarin uwar, muka yayyafa jiƙaƙƙiyar kanwa a gadon bayansa. Dada ta kwance kitson da aka yi mini da man kanti, ta sake wani da man shanu, ta shafe mini hannu har gwiwa. Adda ta leƙo ta gani, ta toshe hanci, ta ce wallahi gobe kada in ce ni ƙanwarta ce a makaranta. Amma ba ta kai ƙara ba, wannan na riƙe mata shi har yau.

Safiyar ranar kasuwa an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi, farar safata ta koma ja kafin in isa. Na kafa maraƙin, na ja baya. Wule ta sansana shi tun daga wutsiya har kai, ta daɗe a wajen kunne. Sai ta yi wani ƙaramin gunji a maƙogwaro, wanda ba ta yi wa kowa sai ɗanta, ta fara lasa. Harshenta yana kankarar busasshiyar fatar, ƙafafun kara suna rawa, ina tsoron kada ya faɗi. Ta juyo ta lashi hannuna, inda man yake. Na sa mata dabaibayi, na tsuguna, na matse ƙwaryata tsakanin gwiwoyina, na jingina goshi a cikinta. Da farko ba komai. Na ci gaba da shafa hantsar ina yi mata magana ƙasa-ƙasa, ina gaya mata abin da 'yan aji suke ce mana. Sai na ji ta yi nauyi a tafina, ta yi ɗumi. Siririyar ƙarar nan ta bugi gindin ƙwarya.

Kumfa ya fara tasowa ke nan na ji motar Baffa ta tsaya a bakin hanya. Ban ɗago ba. Ta ƙarƙashin cikin Wule na hango ƙafafu: takalminsa mai sheƙi da gefen babbar rigarsa ta shadda, da silifas ɗin mahauci da igiya tana jan ƙasa.

"Tashi daga nan," in ji Baffa.

Tunda aka haife ni bai taɓa faɗa mini magana sau biyu ba. Amma na ci gaba da tatsa. Na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji ta, "Baffa, ana tatsarta."

Madara tana ta sauka a cikin kumfa. Mahaucin ya zagaya ya dubi maraƙin ciyawa, ya dubi ƙwarya, ya ce, "Alhaji, ni dai nama na zo saya, ba shari'a da Dada ba." Baffa bai yi dariya ba. Ya tambaye ni makarantar fa. Na ce zan je. Ya ce da wannan warin? Na ce da shi.

Na gama, na kwance dabaibayin, na miƙe ƙafafuna sun yi tsami. A al'adarmu madarar farko bayan saniya ta dawo da nono maigida ake fara miƙa wa. Na durƙusa na miƙa masa ƙwaryar da hannu biyu, ban san ko zai karɓa ko zai kifar ba. Ya daɗe yana kallonta. Sai na ga ya tattare shaddar nan tasa, ya tsuguna a kan dugadugansa cikin taɓo da kashin shanu, irin tsugunon da ba a koya wa mutum da girma, ya hure kumfan gefe ya sha. Ya goge gemunsa, ya miƙo mini ƙwaryar a buɗe, ya ce wa mahauci su je ya nuna masa wani bijimi. Bai ba ni wuri a mota ba.

Na isa makaranta an daɗe da shiga aji. Malama ta ba ni rular latti a tafin hannu, ban ji haushi ba, na yi lattin. Ta tambayi inda na tsaya, na gaya mata gaskiya a gaban kowa, har da fatar da ciyawar. Ajin ya kece da dariya da kukan shanu. Ta buga tebur suka yi shiru, ta dube ni ta saman tabarau, sannan ta ce in ɗauki jakata in koma kujerar bakin taga. Har yau ban sani ba ko hukunci ne ko taimako. A nan na zauna har na bar makarantar, iska tana shigowa daga gonaki, idan na ɗaga kai ina hango kan tsamiya. Ban taɓa zuwa ta ɗaya ba, amma ban taɓa maimaita aji ba, kuma kowace safiya sai na tatsi Wule kafin in zo. Suka gaji da toshe hanci, hannu yana gajiya. Baffa ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata sai da kai. Wata rana na tarar da buhun dusa da dunƙulen kanwa a jingine a turken Wule, makiyayi ya ce shi bai san wanda ya aiko ba, yana faɗa yana kallon sama.

Na yi karatun da Baffa yake so. Na zauna a bayan tebur shekaru masu yawa, na koyar da 'ya'yan mutane har wasunsu suka yi furfura. Birni ya cinye gonakin, ya cinye burtalin da shanu suke bi, aka kwashe garken aka yi gabas da shi, can bayan Hotoro da farko, daga baya inda sai an yi tafiyar mota mai nisa. Gwal ɗin Adda an narkar an sake ƙira, an sake narkarwa, har ba ta san inda ya shige ba. Da ta aurar da 'yarta ta fari, ni ta zo ta roƙa karsana, tana dariya tana cewa matar bijimi ta taimaka. Na ba ta. Jikokin jikokin Wule suna nan, kuma har yanzu akan haifi mai farin goshi a cikinsu. 'Yan matan yanzu sun fi mu karatu, ina murna da haka, ba na so a rage musu ko harafi ɗaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce sai yarinya ta kife ƙwaryarta kafin ta ɗauki alƙalami.

Ranar suna, bayan an watse, na kira ɗana na gaya masa karsanar tana nan, na riga na zaɓa, baƙa ce mai farin goshi, ga kuma ƙwarya na sa an yi mata zane a baki. Gwal kuwa shi ya saya mata, ai 'yarsa ce. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce ban tambaye shi ba, sanar da shi nake yi. Ranar da ta fara tafiya da ƙafarta zan zo in ɗauke ta mu je garke ta gaisa da abarta. Sannan na juya wajen uwarta na ce, idan ranar ta zo, kada a yi mata wanka da sabulu.